Dodon Bango

A wani dare na hunturun da ya shige, bayan an idar da sallar lisha a masallacin layinmu na Unguwar Mu'azu, wuta ta ɗauke, aka fito da fitila aka ajiye a tsakar gida, sai na ga jikokina sun taru a gindin katanga suna harɗe yatsu a gaban hasken, wannan ya fitar da kan kare, wancan ya fitar da zomo mai dogayen kunnuwa, har ƙaramarsu, wadda ba ta wuce shekara uku ba, ta ga inuwar hannun yayanta ta yi tsawo ta nufo ta, ta ƙwalla ƙara ta ruga ta faɗa jikin uwarta. Babbansu kuwa, wanda ke karatu a jami'a, ya matso kusa da tabarmata ya durƙusa ya ce, "Kaka, bari in nuna muku wata inuwa da ta fi shekara ɗari tana tsorata mutane." Ya miƙo mini wayarsa, na ga inuwar wani mutum mai doro, mai farata kamar na shaho, tana hawa matakala a jikin bango, ba a kuwa nuna mai inuwar ba. Na ce masa, "Ai wannan shi ne dodon bango," domin da wannan suna ne iyayenmu suka fara kiran sinima.

Sunaye biyu Bahaushe ya raɗa wa wannan baƙon abu sa'ad da ya fara ganinsa. Ɗaya aro ne, wato majigi, wanda aka lanƙwaso daga sunan da Turawan Ingila ke kiran fitilarsu ta haska hotuna. Ɗayan kuwa haifaffen gida ne, kuma ko da yake 'yan boko na farko sun ɗauke shi alamar camfi har suna jin nauyin ambatonsa, ni a ganina suna ne da ya gano haƙiƙar al'amarin, domin idan aka tuɓe wa sinima duk adonta, abin da zai saura shi ne wuri mai duhu, da haske ƙwaya ɗaya, da sura marar jiki tana motsi a bango, da zukatan mutane suna bugawa saboda abin da suka sani sarai ba ya nan. Akwai al'ummar da ta ɗauki wannan dodo da muhimmanci ta mai da shi fanni na ilmi da gwaninta, ita ce Jamus ta shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Farko, kuma inuwar da aka yi renonta a Balin ta yi doguwar tafiya, ta bi ta hanyar da ba a zata ba, kafin ta iso katangunmu na Kaduna.

Sa'ad da yaƙin ya ƙare a shekarar 1918, Jamus ta wayi gari ta rasa sojoji kimanin miliyan biyu, sarkinta Wilhelm na Biyu ya sauka daga gadon sarauta ya gudu zuwa Holand, aka ɗora mata diyya mai nauyi a yarjejeniyar Basai ta 1919, ga kuma annobar murar nan da ta game duniya, wadda ta iso har ƙasar Hausa tsofaffinmu suka kira ta marisuwa. Titunan Balin suka cika da guragu da makafi da samarin da ƙarar igwa ta taɓa wa hankali, suna rawar jiki ba ciwo a bayyane. Kuɗin ƙasar ya lalace lalacewar da ba a taɓa ganin irinta ba, har a watan Nuwamba na 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, mutum ya karɓi albashi da safe ya ruga kasuwa domin kafin azahar ba zai sayi abin da zai saya da hantsi ba. Amma cikin hukuncin Allah wannan musiba ta zo wa masu sana'ar fim da wata riba. Tun 1916 hukuma ta hana shigo da fina-finan waje, saboda haka kasuwar gida ta zama tasu su kaɗai. A watan Disamba na 1917, bisa shawarar Janar Ludendorff wanda ke neman makamin farfaganda, aka kafa babban kamfanin UFA. Da kuɗi ya faɗi kuma, sai ya zamana ana yin fim da takardun da ba su da daraja a sayar da shi a ƙetare da kuɗi mai daraja.

Salon da suka ɗauka ba a ɗakin fim aka haife shi ba, a hannun masu zane aka haife shi, waɗanda wata ƙungiyarsu mai suna Die Brücke, wato Gada, ta kafu a birnin Dresden a 1905. An kira mazhabarsu Expressionismus, kuma ɗalibin da ya zauna gaban malamai ba zai sha wahalar fahimtarta ba idan aka kawo masa kalmomi biyu da ya sani, zahiri da baɗini. Mai zane na da yakan zana zahirin abu kamar yadda ido ya gan shi. Su kuwa waɗannan suka ce a zana baɗini, a fito da abin da ke cikin ƙirji a shimfiɗa shi a kan duniya, ta yadda idan mutum yana cikin firgici, to titin da yake tafiya a kai shi ma ya karkace, gidaje su sunkuyo masa, sararin sama ya yi ja. Abin lura ne cewa Ernst Ludwig Kirchner, ɗaya daga cikin jagororinsu, ya sha zuwa gidan adana kayan tarihi na Dresden yana nazarin sassaƙe-sassaƙen da aka kwaso daga ƙasashen da Jamus ta mallaka, har da Kamaru maƙwabciyarmu, yana koyon yadda masassaƙin Afirka kan ƙara wa ido girma ko ya tsawaita fuska domin ma'ana ta rinjayi kama. Saboda haka tun a tsatson wannan salo akwai hannun baƙar fata, ko da yake ba a rubuta sunayen masassaƙan ba.

Ranar 26 ga Fabrairu 1920 aka fara nuna fim ɗin da ya buɗe ƙofar, Das Cabinet des Dr. Caligari, a wani gidan sinima na Balin mai suna Marmorhaus. Robert Wiene ne ya ba da umarni, Hans Janowitz da Carl Mayer suka rubuta labarin, dukansu biyu kuwa sun fito daga zamanin yaƙi da ƙiyayyarsa a zuciya. Ga yadda labarin yake. Ana cin wata kasuwar shekara a garin Holstenwall, sai ga wani tsoho mai tabarau, Dakta Caligari, ya kafa rumfa kamar yadda gardi kan kafa dandali da kurarsa, amma shi abin da yake nunawa mutum ne, wani saurayi siriri mai suna Cesare, wanda ke kwance cikin akwati yana barci dare da rana, ba ya farkawa sai da umarnin ubangidansa, kuma an ce yana ba da labarin gaibu. Wani saurayi ya tambaye shi tsawon kwanansa a duniya, ya ce masa zuwa asuba. Kafin gari ya waye aka tarar an kashe shi, kuma abin da mai kallo ya gani na kisan shi ne inuwar hannu da wuƙa a jikin bango. Abokin mamacin, Francis, ya yi ta bin sawu har sawun ya kai shi gidan mahaukata, inda ya tarar Caligari shi ne shugaban gidan.

Abin da ya girgiza masu kallo ya wuce labarin. Masu zane uku, Hermann Warm da Walter Reimann da Walter Röhrig, suka gina garin duka da takarda da ƙyalle da fenti a cikin ɗaki, babu taga mai kusurwa huɗu daidai, babu ƙofa a miƙe, lunguna sun yi tsini kamar bakin mashi, kujerar magatakardan gari ta yi tsawo har mai neman izini sai ya ɗaga kai kamar mai duban wata; haske da inuwa ma da burushi aka shafa su a ƙasa da bango. Conrad Veidt, wanda ya fito a Cesare, yakan bi jikin katanga yana shafa ta da hannu ɗaya a sama, har ka rasa rabe shi da zanen da ke bayansa. A ƙarshe kuma sai aka juya tabarmar gaba ɗaya: ashe Francis mai ba da labarin shi ne mahaukacin, Caligari kuwa likita ne mai neman warkar da shi. Daga baya Janowitz ya yi ƙorafi cewa wannan ƙarshe an ɗora musu shi ne, ya mai da tuhumar da suka yi wa mahukunta sambatun majinyaci, masana kuma sun yi ta saɓani a kan gaskiyar ƙorafin. Wani malami, Siegfried Kracauer, ya rubuta littafi a 1947 yana cewa Caligari ishara ce ga Hitler, Cesare kuwa shi ne talakan da ake turawa ya yi kisa yana barci. Ni dai ina ganin malamin ya yi fassarar mafarki ne bayan mafarkin ya riga ya tabbata, wanda abu ne mai sauƙi. Amma duk wanda ya zauna a Kaduna ya ga yadda a ranakun fitina ake tura 'ya'yan talakawa su afka wa maƙwabtan da suka tashi tare, alhali masu tura su na zaune lafiya a gidajensu, ba zai iya kallon Cesare da busasshen ido ba.

Inuwar da jikana ya nuna mini ta fito ne daga fim na biyu da ya kamata a tsaya a kansa, Nosferatu, wanda Friedrich Wilhelm Murnau ya yi aka nuna shi a watan Maris na 1922. Murnau ya saɓa wa masu Caligari, bai zana gari a ɗaki ba, ya fita da na'urarsa zuwa garuruwan Wismar da Lübeck na bakin teku da wata tsohuwar fada a kan dutse a ƙasar Sulobakiya, ya nuna cewa duniyar Allah kamar yadda take, idan aka san sa'ar da za a ɗauke ta da kusurwar da za a tsaya, ta isa ta sa tsikar jiki ta tashi. Labarin na wani maye ne mai shan jini, Orlok, wanda Max Schreck ya fito a matsayinsa, ya taso daga ƙasarsa a jirgin ruwa da akwatunan gawa cike da ƙasa da ɓeraye, ma'aikatan jirgin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya shigo tashar garin Wisborg ba mai tuƙi, annoba ta biyo shi, aka yi ta jera makara a titi a gaban masu kallon da su kansu ba su daɗe da binne matattun annoba ba. Wata mata mai suna Ellen ta karanta cewa ba abin da zai halaka shi sai mace mai tsarkin zuciya ta shagaltar da shi har zakara ya yi cara, sai ta buɗe tagarta ta fanshi garin da ranta. A nan ne inuwar ta hau matakala, ta miƙa hannu ga ƙofa, ta bi ta kan farar rigar matar ta damƙe saitin zuciyarta, matar ta gantsare don zafi, alhali babu jikin da ya taɓa ta.

Bahaushe ba ya bukatar sharhi a wannan wuri, domin tun muna yara muke jin tsofaffi na cewa maye kurwa yake kamawa, jiki ya bi baya da ciwo. Kuma Jamusawa ma suna da irin wannan tsoro, don tun 1913 sun yi fim a kan wani ɗalibi na birnin Prag wanda ya sayar wa wani matsafi surarsa ta cikin madubi, surar ta fito ta riƙa bin sa har ta halaka shi. Shi kansa Nosferatu saura ƙiris ya ɓace, domin an ɗauko labarin ne daga littafin Dracula na Bram Stoker ba da izini ba, matar marubucin ta kai ƙara, kotu ta yanke hukunci a 1925 cewa a lalata kowane kofi. Wasu kofe da suka riga suka ƙetare iyaka ne suka tsira, daga gare su kuma hoton ya gangaro har cikin wayar wani yaro a Unguwar Mu'azu.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yawan waiwayen da Jamusawan nan suka yi zuwa ƙasashen Musulmi. Paul Leni ya sa Halifa Haruna Rashid cikin fim ɗinsa na gumakan kaki a 1924, ya gina masa Bagadaza mai ƙubbobi kamar tukwane. Wata mata kuma, Lotte Reiniger, ta share shekara uku tana yanka kwali da almakashi tana motsa shi a kan gilashi mai haske, har a 1926 ta fito da labarin Yarima Ahmad daga Dare Dubu da Ɗaya, wanda shi ne mafi tsufa cikin dogayen fina-finan zane da suka saura a duniya. Abin da ta yi kuwa tsohuwar sana'a ce da Larabawa ke kira hayaluz zilli, wasan inuwa a bayan labule, wanda wani likitan ido na Alƙahira, Ibn Daniyal, da ya rasu a 1310, ya rubuta masa wasanni uku da har yanzu suna nan.

Ƙololuwar zamanin, kuma mafarin gangarowarsa, shi ne Metropolis na Fritz Lang, wanda aka nuna a Janairun 1927 bayan ya ci kuɗi kimanin mak miliyan biyar har ya kusa durƙusar da UFA. Birni ne mai hawa biyu, masu dukiya a sama cikin lambuna, ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa. Kuma fim ɗin ya buɗe da canjin aiki, ayari ɗaya na shiga ayari ɗaya na fita, kawuna a sunkuye, masu fita sun fi masu shiga jan ƙafa. Wanda ya taɓa tsayawa a Kakuri a zamanin da masaƙu ke raye, tun daga masaƙar farko da aka buɗe a 1957, ya ga dubban mutane da kekunansu suna kwararowa daga ƙofa idan jiniya ta yi kuka, wasu ma daga nan unguwarmu da Tudun Wada suke sammako, zai gane wannan hoto tun kafin a fassara masa, sai dai mu a nan abin da ya fi ciwo shi ne shirun da ya biyo bayan mutuwar masaƙun.

Daga nan sai watsewa. Amurka ta fara saye da kuɗi, Murnau ya tafi ya yi Sunrise a 1927 ya rasu a haɗarin mota a 1931. Karl Freund, gwanin ɗaukar hoto wanda ya kwance na'ura daga kan ƙafafunta ya ɗaura ta a ƙirji da kan keke, shi ne ya ɗauki Dracula a 1931. Sauran kuwa Hitler ne ya kore su da ya hau mulki a 1933, har a 1937 aka baje zane-zanen wannan mazhaba a Munik don a yi musu tir da sunan gurɓataccen fanni. Lang ya fita, 'yan'uwansa masu fim irin su Erich Pommer da Billy Wilder da Robert Siodmak suka fita, suka kai wa Amurka fina-finan 'yan sanda da ɓarayi masu duhu, inda inuwar taga kan faɗo a fuskar mutum kamar ƙarafan kurkuku. Alfred Hitchcock ma yana saurayi ya yi aiki a Babelsberg, ɗakin fim na UFA, a 1924 ya tsaya yana kallon Murnau na aiki. Amma ƙaddarar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta mutum biyun nan na cikin rumfa: Werner Krauss, wanda ya fito a Caligari, ya zauna ya yi wa azzalumai hidima har ya fito a fim ɗinsu na ƙin Yahudawa a 1940, Conrad Veidt kuwa, Cesare mai barci, shi ne ya farka ya ƙi, ya bar ƙasar da matarsa Bayahudiya, ya rasu a baƙunci a 1943.

A daidai shekarun da ake wannan gwaninta a Balin, mu a nan wata irin majigi dabam ake shirya mana. An fara nuna fim a Nijeriya a zauren Glover na Ikko a 1903, amma wanda ya aza harsashin majigin hukuma shi ne wani jami'in lafiya, William Sellers, wanda a ƙarshen shekarun 1920 ya fara amfani da fim don ya nuna wa mutanen Ikko cewa ɓera ne ke yaɗa annobar da ta addabe su. Dubi ikon Allah: ɓera da annoba a Wisborg, ɓera da annoba a Ikko, cikin ƙasa da shekaru goma, amma Murnau ya yarda mai kallonsa zai ga inuwa ya fahimci mutuwa, shi kuwa Sellers, wanda aka ba shugabancin sashen fina-finan ƙasashen mallaka da aka kafa a 1939, ya shimfiɗa ƙa'ida cewa ɗan Afirka ba zai gane dabarun hoto ba, saboda haka kada na'ura ta yawaita motsi, kada a yi tsalle daga wuri zuwa wuri, a nuna kome a fili, a hankali, a maimaita. Da wannan aƙida aka yi ta zagaya garuruwan Arewa da motar majigi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta bayan magariba, mai fassara ya riƙe lasifika, a nuna rangadin Gwamna da tsabtar rijiya da noman zamani irin na fim ɗin Baban Larai, a rufe da ɗan wasan ban dariya. Ba na musun amfaninta, domin ta ceci rayuka kuma mun yi murna da ita muna yara; amma zato ne marar adalci a ce mutanen da suka tashi da tatsuniyar Dodo da Gizo a hasken aci-balbal, waɗanda da kansu suka raɗa wa abin suna dodon bango, ba su san abin da inuwa ke faɗa ba.

Sinimar kuɗi kuwa Kwarori ne suka kawo ta. An buɗe Rex a Sabon Garin Kano a 1937, kuma malamai suka yi ta muhawara a kan hukuncin taswira, ko sura mai motsi da ba ta da rai sihiri ce ko kuwa kamar hoton madubi ce. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ta Kano, mutum 331 suka rasu, Allah ya jiƙansu, jama'a da yawa suka ɗauki abin azaba ce ta sauka. A wannan zamani kuma aka buɗe sinimar Palace a cikin birni, ta sha jifa da tsinuwa. Tun daga nan sinima ta samu tabon da ba ta rabu da shi ba a ƙasar Hausa, ta zama wurin da mutumin kirki kan shiga yana waige.

To ta ina inuwar Balin ta shigo mana? Ta Bombai ta shigo. Wani Bajamushe daga Munik, Franz Osten, tare da mai ɗaukar hotonsa Josef Wirsching, sun haɗu da Himanshu Rai suka yi fim a kan rayuwar Buda a 1925. Rai da matarsa Devika Rani suka zauna a Jamus suka ga yadda ake aiki a UFA, da suka koma gida kuma suka kafa Bombay Talkies a 1934, suka ɗauko Jamusawan nan suka damƙa musu na'ura da horon matasa. Da yaƙi na biyu ya tashi a 1939 Ingilishi suka tsare su. Osten ya koma Jamus, Wirsching kuwa ya share shekarun yaƙin a tsare, da aka sake shi ya zauna a Indiya har ya rasu a 1967. Shi ne ya ɗauki Mahal na Kamal Amrohi a 1949, labarin saurayin da ya shiga wani tsohon gida cikin daren hadari ya tarar da hoton wani mamaci mai kama da shi, ga lilo na kaɗawa ba kowa a kai, ga mace da kyandir tana ɓullowa tana ɓacewa. Shi ne kuma ya ɗauki kaso mai yawa na Pakeezah, wanda bai fito ba sai 1972. Daga Mahal aka samu zuriya guda ta fina-finan Indiya masu tsohuwar fada da fatalwa da waƙar da ke tasowa daga duhu, kuma waɗannan ne Kwarori suka riƙa kawo wa sinimomin Kano da Kaduna da Zariya, talabijin ɗin Kaduna da aka buɗe a 1962 da waɗanda suka biyo bayansa suka shigar da su cikin gidaje. Saurayin da ya taka daga Unguwar Mu'azu ya sayi tikitin benci ya zauna ƙarƙashin taurari yana kallon inuwar mugu ta riga shi shiga ɗaki, yana kallon darasin Balin ne da aka karantar a Bombai, isnadin kuwa ba shi da yankewa: daga Munik da Babelsberg zuwa Wirsching, daga Wirsching zuwa almajiransa, daga gare su zuwa farin bangonmu.

Abin da ke damuna shi ne abin da muka ɗauka da abin da muka bari. Adamu Halilu, wanda ya taso a sashen fim na gwamnatin Arewa, ya yi Shehu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da natsuwar mutumin da ya san nauyin hoto. Da fim ɗin bidiyo ya kunno kai da Turmin Danya a Kano a 1990, aka samu sana'ar da ta ciyar da dubban gidaje, kuma ina girmama ta. Sai dai daga Indiya mun kwaso rawa da waƙa da soyayyar mutum uku, muka bar fitila da inuwa a can. Sau da yawa za ka ga an haska falo tas kamar shagon gwal, ko da labarin na kishi ne ko na maita ko na maraya, idan kuma aka zo nuna aljani sai a koma ga walƙiyar kwamfuta, alhali Murnau bai bukaci kome ba sai fitila ɗaya da bango. Ga zaure mai ƙofa a karkace, ga soro mai baka, ga lungun da rana ba ta shiga, ga hazon hunturu da ke mai da mai tafiya fatalwa tun da la'asar. Duk abin da Warm da abokansa suka sha wahalar zanawa da fenti, magina na Zazzau da Kano sun riga sun gina shi da tubali da makuba.

Na faɗa wa jikana wasu daga cikin waɗannan abubuwa a wannan dare, yana saurare yana riƙe da wayar. Can sai ya tashi ya ɗauki fitilar daga tsakar gida ya sauke ta ƙasa kusa da bakin zaure, ya ce wa ƙanensa ya taho a hankali daga wajen rijiya da hannuwa a miƙe, shi kuwa ya juya wa yaron baya ya saita wayarsa a kan katanga. Inuwar ta taso daga ƙasa, ta haye tagar ɗakin kakarsu, ta karye a kan indararo, ƙaramar kuma ta leƙo daga bayan zanen uwarta tana kallo da ido ɗaya.